Ruwan Masawa Bai Ɓoye Mu Ba

Mu uku ne a gida ran nan: Inna, da ni, da ƙanwata Hadiza mai shekara huɗu. Baba ya tafi aikin gishiri. Daga Damagaram muka taso za mu Makka, muka maƙale shekaru a Masawa, bakin Bahar Maliya, har yaƙi ya iske mu.

Bayan azahar jiragen sama suka zo, unguwarmu ta kama wuta. Inna ta kora mu cikin teku. To ruwan can ba shi da zurfi, ka yi ta tafiya bai wuce gwiwa ba, ga ɗumi kamar an dafa.

"Ku kwanta," in ji Inna. "Ke babba, riƙe ta da kyau."

Na rungume Hadiza. Wani abu ya fashe kusa da mu. Can sai na ji ɗumi ya ƙaru a cinyata. Na ɗauka fitsari ta yi mini, na mintsine ta.

"Ƙazama!" na ce.

Ba ta yi kuka ba. Jini ne, guntun ƙarfe ya shige ta. Maganata ta ƙarshe gare ta ke nan.

Jikata da ke rubuta mini wannan a birnin Liyon na Faransa takan ce na cika faɗa. Gaskiya ne. Amma tun daga ranar ban sake zagin yaro ba sai na duba jikinsa tukuna.

Washegarin rasuwar Hadiza, Inna ta ɗaure kayanmu ba ta shawarci kowa ba, ta juya wa Makka baya ta nufi Damagaram, ni da Baba muka bi ta da ƙafa.