Malamin Gefen Shafi

Auta ya zauna ne don ya karanta yadda ake auna ƙarfin wuta. Bayan minti arba'in sai ga shi yana kallon wani kifi mai jan mutum kamar lantarki. Haka shafin karatun nan na intanet yake: ka taɓa shuɗiyar kalma ɗaya, ta miƙa ka ga 'yar'uwarta, kafin ka farga ka yi nisa da gida.

Ga lokaci ya ƙure. Wata biyar ke nan da rasuwar Baba, shagon gyaran wuta ya dawo hannunsa, hukuma kuma ta ce duk shagon da ba mai takardar shaida a cikinsa rufe shi za a yi. Baba dariya ya riƙa yi wa dokar, yana cewa shi bai taɓa ganin takarda ta ɗaura waya ba. Auta ba shi da wannan bakin. Jarrabawa saura mako uku.

Inna ce ta zaƙulo masa katin laburare a aljihun tebur. "Ina jin na yayarka ne. Je ka gwada, ka daina cika min ɗaki da tsaki."

Da lambar katin yake shiga shafin a kwamfutar laburaren. A rana ta biyu ya lura da wani ɗan akwati rawaya a gefen shafin. Ya buɗe.

"Kai malalaci, kar ka taɓa kifin nan. Koma darasi."

Ya yi dariya har na kusa da shi ya harare shi. Ashe shafin yana da malami, mai tsiwa kuwa.

Daga nan karatu ya kama hanya. Kowane darasi da saƙonsa. "Kalli bidiyo tukuna, sannan rubutu." "Rufe shafin, faɗi abin da ka gane da bakinka. In ka kasa, to ba ka gane ba." "Shafi uku sannan shayi, ba shayi sannan shafi uku ba." Rubutun malamin har da kurakurai, amma Auta ya yafe masa, shi ma ba gwani ba ne. Ya koyi wuce shuɗayen kalmomi kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

A darasi na goma sha tara, na wuta mai layi uku, wanda ya fi kowanne wuya, akwatin wayam. Na ashirin ma haka. Kwana biyu yana lilo tsakanin hotuna, babu abin da ya zauna masa. Ya tashi ya nufi teburin mai kula da laburaren.

"Anti, malaminku yaji ya yi ne?"

"Wane malami?"

"Na gefen shafi. Wanda yake ce min malalaci."

Ta dube shi ta saman littafinta. "Ƙanena, shafin nan ba shi da malami. Akwatin na mai kati ne, abin da ya rubuta wa kansa yake tararwa."

"Yayata ko ƙwan fitila ba ta iya sauyawa."

Ta karɓi katin, ta buga lambarsa. "Ai ba mace ba ce. Kullum da rana tsaka yake zuwa, ya zauna kujerar can ta bakin taga yana faɗa da kansa. Wata biyar ban gan shi ba. Lafiya dai yake?"

Ta juyo masa fuskar kwamfutar. Baba ne a hoton, ya tsuke baki kamar wanda aka kama, sanye da tabarau ɗin da ba wanda ya taɓa ganinsa da shi a gida.