Shafin Baya na Bakin Teku

Ranar Litinin mai sayar da injinan kwalekwale ya janye tallarsa, kuma cikin fara'a ya yi, abin da ya fi ɓata wa Odai rai ke nan.

"Ba ni da matsala da kai, Edita," in ji shi ta waya. "Amma masu karanta mujallarka duk sun haura sittin. Wa zai sayi sabon inji yana fama da gwiwa? Yara suna cikin waya, can zan bi su."

Shekara goma sha tara Odai yana fitar da Bakin Teku daga wani ɗaki a saman shagon raga a Tema. Mujallar masu jirgin ruwa ce: masu kwalekwalen kamun kifi, da 'yan fansho masu ƙananan jiragen shan iska, da duk wanda hirar ruwa ta fi masa abinci daɗi. Kuɗin da ake sayenta ko tawada ba ya biya. Talla ce ke riƙe da ita, musamman ta shafin baya, wadda mai injinan ya janye. In ba a samu mai ɗaukar shafin kafin Juma'a ba, maɗaba'a ba za ta kunna inji ba, mujalla ta mutu ke nan.

Ƙanwarsa Korkoi, mai tsara shafuka, ta ce ya sa hotonsa a wurin, ko ba komai ya kori ɓeraye. Odai bai yi dariya ba. Tsoro yake ji ƙwarai, don bai iya wata sana'a ba.

Ranar Laraba suna cin dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi sai ga wani dattijo ya hawo bene yana haki, fensir a bayan kunne, ƙurar katako a gira. Ya ce sunansa Ablorh, daga Teshie. Ya ajiye hoto a kan tebur.

Odai ya manta da lomar da ke hannunsa. Farin jirgi ne mai jan layi, hancinsa siriri, yana ƙyalli a gaban wani shuɗin labule. A duk shekarunsa bai ga aikin hannu mai kyan wannan ba.

"Kai ka ƙera, Ataa?" ya tambaya, yana girmama furfurar.

"Ni da hannuwan nan. Amma tsaya, ɗana. Su wa ke karanta abin nan naka?"

Odai ya so ya yi ƙarya, Korkoi ma ta taka masa ƙafa don ya yi. Bakinsa ya ƙi. Ya ce gaskiya tsofaffi ne, mafi ƙanƙantarsu ya aurar da 'ya.

"Mutum nawa?"

"Dubu biyu da ɗoriya."

Maimakon ya tattara hotonsa, dattijon sai ya gyara zama ya ɗauki kan kifi ba tare da an miƙa masa ba. Ya ce yana son shafin baya na shekara guda cur.

Korkoi ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Odai kuwa, da yake taurin kai ne gadonsu, sai ya tuno da ƙa'idarsa. Tun fitowar farko bai taɓa buga tallar jirgin da bai shiga da kansa ba. Saboda wannan ne tsofaffin suka yarda da shi.

"Sai na gwada shi tukuna," in ji shi.

"Yaya!" Korkoi ta zaro ido. "Yau ma?"

Dattijon ya dube shi daga kai zuwa ƙafa a hankali, ya sake duban kafaɗunsa. "Zai ɗauke ka," ya ce. "Zo gobe."

Washegari Odai ya hau motar haya da rigar ceto a hammata da littafinsa na gwaji. Ya shirya tambayoyinsa tun a hanya: wane inji, wane gudu, yaya yake da igiyar ruwa. Ya yi zaton za a sauke shi a gaɓa. Sai kwatancen ya kai shi wata rumfa a bakin titi, inda ko ƙarar teku ba a ji. Ya ce a ransa, mai fasaha ko ina ya ga dama sai ya zauna.

Wasu mata uku cikin baƙar atamfa mai ja suna fitowa suna ta yaba wani abu da suka gani a ciki. Odai ya gaishe su ya wuce, hankalinsa na kan Juma'a.

Ataa Ablorh ya ja shuɗin labulen. Jirgin na nan bisa benci, ya fi hotonsa kyau nesa ba kusa ba. Tsawonsa bai wuce na gado ba.

"Samfurin ya yi," in ji Odai yana shafa fentin. "In babban ya kai rabin wannan, shafin naka ne. Ina yake?"

"Wane babba?"

"Wanda ake sa wa a ruwa mana."

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya kama saman jirgin ya ɗaga shi kamar murfin adaka. Farin yadi ne a shimfiɗe ciki, da matashi ɗan ƙarami.

"Shiga ka gwada, ɗana, shafi ya zama nawa," in ji shi. "Akwatin gawa nake ƙerawa, kowa da siffar abin da ya fi so a duniya, kuma duk ƙasar nan babu wanda ya tara mini tsofaffi masu son jirgi wuri guda kamar mujallarka."