Adireshin da Manhaja ta Faɗi

Manhajar ta sake faɗuwa da safe, kuma abin da ta bari kawai shi ne wata doguwar lamba a kan allo. Injiniya ya gyara zaman tabarau ya ja kujera. Manaja ta ce kafin a tashi aiki take son sanin inda ɓarnar take, shi kuwa ya san mai furfura irin tasa kuskure ɗaya ake jira a nuna masa ƙofa.

Lambar nan adireshi ce a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wurin da manhajar ta yi tuntuɓe. Ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai. Sai an haɗa ta da taswirar da aka fitar ranar da aka gina manhajar, sannan za ta nuna fayil kaza, layi kaza a cikin rubutun manhajar. In taswira ta ɓata, adireshi yana nan daram, amma babu mai sanin na wane ne.

Ofishin shiru kamar an yi shara. An ware masa ɗaki shi kaɗai a ƙarshen baranda, har da ɗan gado a gefe, wai don ya riƙa miƙe baya. Shi dai ya san gata irin wannan kora da hali ne. Yaran da ya koya wa aiki ba mai leƙowa, waya ba ta ƙara, ko gardamar ƙwallo ba ya jiyowa. Abin yana cin ransa, ga shi ba wanda zai faɗa wa.

Ya ɗora taswirar farko, ta kai shi wani layi da babu komai a kai sai sharhi, ɗan bayanin da marubucin manhajar ya bari. Ya yi tsaki. Aikin sababbin hannu ke nan, a ba ka adireshin gini ɗaya da taswirar wani. Ya shiga tono cikin tsofaffin fayiloli har ya samo wadda ta dace. Kwanan watan da ke kanta ya tsufa ƙwarai, ya yi mamakin kamfanin da har yanzu yake lallaɓa irin wannan tsohon kaya.

Daga nan yatsunsa suka riga tunaninsa. Adireshin ya sauka a kan layi guda, inda aka ce manhaja ta ɗauko abu daga wurin da ta riga ta share. Salon rubutun ya burge shi, tsaf, ba hayaniya, irin wanda shi ma zai yi. Sai dai wannan layin kamar da gangan aka karkata shi. Ya gyara, ya gwada, manhajar ta tsaya da ƙafarta.

Manaja ta shigo da shayi da kanta. Mace ce mai kirki, ko da yake kullum idonta kamar ba ta samu barci ba.

“Sannu da aiki, Injiniya. An dace?”

“An dace, ranki ya daɗe. Ina fata dai ba za a sallame ni ba.”

“Wa zai sallame ku? Ai babu kamarku a nan.”

Ta ɗan tsaya tana kallonsa kamar mai jiran ya ƙara wata magana. Ya rasa me take so, sai ya yi godiya. Ta fita, ba ta ja ƙofar sosai ba.

Yana kurɓar shayin ya jiyo ta a baranda tana waya, muryarta na rawa. Tausayinta ya kama shi, ashe manya ma da nasu kukan. Bai yi niyyar saurare ba, maganar ce ta shigo da kanta.

“Yaya, yau ma Baba bai gane ni ba. Amma ya samo layin, har ya yi murmushi. In ya kwanta zan sake ɓata masa shi, ya samu abin yi gobe.”