Saura Ƙahon Dodo Ɗaya

Na yarda, da furfurata nake buga wasan yara a waya. Shi nake yi lokacin da 'yan bindiga suka tare motarmu bayan Kucheri, suka harbe direba.

Ɗayansu ya fizge wayar, ya ga kayan da na tara a wasan: takubba, layu, kibau masu dafi.

"Ɗan sa-kai ne!" Ya fasa mini baki da gindin bindiga.

"Wasa ne, ranka ya daɗe," na ce, ina tofar da haƙori. "Saura ƙahon dodo ɗaya in ƙera takobin wuta."

Ya ƙura wa wayar ido. "To, Baba, ƙera mani. Ran da ka gama, ka tafi gida."

Suka kora mu daji. Wasan sai da sabis yake buɗewa. Washegari aka katse layin waya a Zamfara kaf.