Butar Iya Mai Shara

Kwana uku ke nan aiki ya cije a ofis. Kowa na rubuta manhaja a kwamfutarsa, amma 'yar na'urar da ke kai aikinsu babban rumbun kamfani ta ƙi motsi. Aikin da ke rumbu daban, na hannun ma'aikata daban.

Iya mai shara ko a jikinta. Ran Litinin manaja ya kama ta ta zare wayar na'urar ta jona butar shayinta. Ya ƙwace makullin ɗakin na'urar, ya kira ta jahila a gaban sa'o'in 'ya'yanta. Tun daga nan aikin ya cije.

Yau ga shi da injiniya sun tare ta a bayan matakala.

"Iya, ƙarfe nawa kike dafa shayin nan?" in ji injiniya, yana sosa ƙeya.

"Bakwai, shekara huɗu ke nan. Kai ma zagin ka zo yi?"

Injiniya ya dubi manaja. "Ka ji ko, yallaɓai? Kullum na'urar sai ta shaƙe ta sandare, kullum ƙarfe bakwai sai ta mutu ta tashi garau. Ashe Iya ke gyara mana."

Manaja ya miƙo makulli da hannu biyu. "Iya, a yi haƙuri."

"A bainar jama'a ka zage ni, a lungu za ka ba ni haƙuri? Tara ma'aikatan!"

Girman kai ya hana shi. Washegari ƙarfe bakwai ta tarar da shi durƙushe a ƙarƙashin tebur yana laluben waya. Ta zungure shi da tsintsiya.

"Ɗaga ƙafa, mai ilimi. Kuma baƙar ake zarewa, ba jar ba."