Saura Maki Ɗaya

Saura maki ɗaya su ci kofin tanis na 'yan bibbiyu a Newport, abokin wasansa ya raɗa masa, "Daga yau nemi wani, tsoho. Na gaji da jan gawarka."

Shekara shida yana rufa wa yaron nan asiri a filin wasa, amma jaridu yaron kaɗai suka sani. To, yau kowa ya rasa.

Ƙwallo ta taso masa a sauƙaƙe. Ya sauke hannu da gangan, ya bar ta ta wuce.

Sai ta faɗi a waje, bayan layi, makin ya zama nasu. Sun ci.

Zakaru kuwa tare suke dawowa kare kofinsu. Yaron ya miƙo hannu yana cizon leɓe.

"Sai baɗi," in ji tsohon.