Yatsan Baba Nomau

Tun da aka kafa Dokar Mai Magana, ba wanda ya isa ya sa kalaman wani tsakanin alamun zance a shafinsa na intanet, sai mai maganar ya dangwala yatsa ya amince. Matattu kaɗai aka ɗauke wa wannan. Shi ya sa shafuka suka cika da maganganun marigayi kaka da marigayiya gwaggo.

Da hantsi Hansatu, mai shafin labaran unguwa, ta gangara bakin kogi wurin Baba Nomau masunci.

"Baba, maganarka ta jiya zan buga. Yatsanka kawai nake so."

Ya cusa hannunsa ƙarƙashin komarsa ta kamun kifi. "'Yar nan, ai hira muka yi. Ki jingina wa mamaci mana, kamar kowa."

"Wa ke sauraron mamaci yanzu? Yara na shan ruwan nan fa, Baba."

Ya saci kallon na'urar sauraron hukuma da ke saman falwaya. "Je ki, zan yi tunani."

Bayan la'asar, a gida, ta rubuta maganarsa a shafinta: "Tun da aka buɗe masana'antar can, kifi da farin ido yake fitowa." Ta sa sunansa a ƙasa don saƙon neman izini ya je masa, ko kunya za ta sa ya dangwala.

Nan take amsar hukuma ta fito. An karɓa. Ba a buƙatar izini. Allah ya jiƙansa.

Ta ruga taga. Ga Baba Nomau can yana ɗaure kwalekwalensa, bai ma san an sa shi cikin matattu ba tukuna.